Saƙon Asibiti a Wayarka: Wa Ya Rubuta Shi, Wa Zai Amsa Maka?



Wasu daga cikinku, musamman mazauna birni, kun fara ganin wani sabon saƙo yana shigowa wayoyinku daga asibiti. Gobe ranar awonki ce. Lokacin rigakafin yaro ya yi. Sakamakon gwajinka ya fito, ka zo ka karɓa. Mutum ya karanta ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe likita yana sane da ni. To, sau da yawa likitan bai ma san an aika ba. Manhajar da asibitin ke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki ita ta turo, kuma saƙon nan da ya zo maka, a wannan yammacin ya je wa mutum hamsin ko ɗari, suna da rana kawai aka sauya. A kan wannan shiryayyen saƙo zan yi sharhi yau. Ina goyon bayansa, zan kuma faɗi dalili. Amma ina da magana da masu asibitoci game da wanda suke bar wa rubuta shi, da abin da ake zubawa a ciki, da kuma ko akwai wanda ke zaune yana jiran amsar mara lafiya.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana rubuta saƙon sau ɗaya, a bar gurabe a cikinsa: gurbin suna, gurbin rana, gurbin lokaci, gurbin sashen da za a je. Sannan a ba manhajar umarni cewa kullum da ƙarfe biyar na yamma ta duba duk wanda aka rubuta wa ganin likita jibi, ta ɗauko bayanansa daga fayil, ta cike guraben, ta tura. Ana iya tanadar iri-iri: na tunatarwa, na wanda ya tsallake ranarsa, na bayan sallama daga gado, na yadda za a kula da ɗinki bayan tiyata. Manhajojin da asibitoci ke aiki da su suna da yawa. Akwai OpenMRS, wadda aka faro a 2004, aka fara amfani da ita a Eldoret ta ƙasar Kenya, kuma kyauta ce ga duk mai so. Akwai DHIS2 ta Jami'ar Oslo, wadda ma'aikatun lafiya a Najeriya da ƙasashen Afirka da dama ke tattara alƙalumansu da ita, tana kuma da ɓangaren bin mutum ɗaya ɗaya da aika masa saƙo. Ga kuma na kamfanoni, waɗanda asibitocin kuɗi ke biya duk wata ko duk shekara.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kati na ƙaramin asibiti da yamma ya san abin da ya sa nake goyon baya. Ma'aikaciya ɗaya ce, ga fayiloli jibge a gabanta, ga rajistar gobe cike da sunaye. In aka ce ta kira kowa, katin wa za ta sa, kuma yaushe za ta tashi? In ta ce za ta rubuta wa kowa da hannu, kafin ta kai na goma ta gaji, ta fara gutsurewa, ta manta ba ta gaya wa na sha biyu cewa kada ya karya kumallo kafin a ɗebi jininsa ba. Ƙarshenta ba a kiran kowa, ba a rubuta wa kowa. Kuma tunatarwa tana aiki, an gwada an gani. A 2013 ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci tana tacewa, ta haɗa gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban. Waɗanda ba a tunatar ba, kusan kashi 68 cikin 100 ne suka zo ranarsu. Waɗanda aka tura wa saƙon tes, kusan kashi 79. Waɗanda aka kira baki da baki, kashi 80. Wato saƙo ya kusa kamo kira, alhali kuɗinsa bai kai na kira ba.

Ku dubi jadawalin rigakafin yara a Najeriya. Ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, sai allurar ƙyanda a wata 9, da ta biyu a wata 15. Na farko-farkon suna bin juna kusa da kusa, uwa tana riƙe da lissafi. Amma tsakanin sati 14 da wata 9 akwai fiye da wata biyar, a nan ne kati ke ɓata, a nan ne ake tafiya ganin gida, a nan ne damina ke shigowa hankali ya koma gona. Haka mai tarin fuka: magani na wata shida ne, amma bayan 'yan makonni tarin ya lafa, ya ji ƙarfi, sai ya ɗauka ya warke. Ga irin waɗannan, saƙo guda da ya zo a kan kari yana iya yin abin da jawabin awa ɗaya a asibiti bai yi ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Shiryayyen saƙo tamkar mudu ne a hannun mai awo. In mudun ya lotsa, ba mutum ɗaya aka tauye ba, duk wanda ya zo awo ranar nan an tauye shi, kuma mai awon yana iya rantsewa bai yi da gangan ba. Ranar 23 ga Disamba 2022, wani asibitin unguwa a garin Askern, kusa da Doncaster a Ingila, mai majinyata kusan 8,000 a rajistarsa, ya so tura wa jama'arsa gaisuwar Kirsimeti. Sai aka kuskure, abin da ya fita shi ne saƙon da ke cewa an gano mugun ciwon daji na huhu wanda ya riga ya bazu a jiki. Daga baya suka turo na ban haƙuri. Amma kafin nan mutane sun yi kuka, layin wayar asibitin ya cushe, kuma cikin waɗanda suka samu akwai masu jiran sakamakon gwaji da gaske. Dannawa ɗaya ce ta jawo duk wannan. Saboda haka asibitin da ya san abin da yake yi ba ya barin mutum ɗaya ya tura saƙo ga jama'a gaba ɗaya. Wani ya shirya, wani ya karanta ya amince, a fara turawa wayar ma'aikaci a ga yadda ya fito, sannan a saki.

Akwai kuma labarin da bai kamata ya shiga shiryayyen saƙo ba ko da babu kuskure. Sakamakon gwajin ciwon daji, ko na cuta mai karya garkuwar jiki, ko na ciwon hanta, ko na jinin sikila ga masu shirin aure, waɗannan ana faɗinsu ne a zaune, ana kallon fuskar mutum, ana ba shi damar ya yi shiru ya kuma yi tambaya. Aikin saƙo a nan ɗaya ne: ya ce a zo. Kuma ya kasance kalmomi iri ɗaya ake tura wa mai sakamako mai kyau da mai akasin haka, don in aka saba cewa mai lafiya ana rubuta masa komai lafiya, wanda aka ce wa ka zo ka ga likita ya riga ya san hukuncinsa tun a gida, shi kaɗai, cikin dare.

Kalmomin da aka zaɓa kuwa suna da nauyin da masu asibiti ba su cika ba su ba. A Landan an yi wani gwaji a asibitocin Barts, aka wallafa sakamakon a 2015. Abin da suka yi kawai shi ne sauya lafazin saƙon tunatarwa, suka ƙara cewa duk wanda bai zo ba ya jawo wa hukumar lafiyar ƙasar asarar kusan fam 160. Masu ƙin zuwa suka ragu daga kashi 11.1 zuwa kashi 8.4. Jimla ɗaya, ba a kashe ko kwabo ba. Sai dai kada wani ya kwafo wannan jimlar ya kawo mana nan. A can gwamnati ke biyan kuɗin jinya daga harajin jama'a, shi ya sa maganar asara ta taɓa su. A nan mara lafiya ne ke biya daga aljihunsa, kuma yawancin waɗanda ba su zo ba, ba raini ne ya hana su ba. Kuɗin mota ne babu, ko maigida ya yi tafiya ba a samu izini ba, ko an san in an je za a rubuta gwajin da ba a da kuɗinsa. Darasin da ke cikin gwajin Landan shi ne a gwada lafazi a kan mutanen da za su karanta shi, a ga wanne ya fi kawo su.

Me mara lafiyarmu yake bukata ya gani a saƙo? Ranar, da sunanta: Talata, 4 ga Maris. Ba a rubuta 04/03 ba, don manhajar da aka ƙera a Amurka wata take sawa gaba, ta Ingila kuma rana, sai ka ga an zo a Afrilu alhali Maris ake nufi. Ya ga ƙofar da zai nufa, don babban asibiti gari ne guda. Ya ga abin da zai riƙo: kati, da kwalayen magungunan da yake sha. In gwajin suga ne na safe, a ce masa kada ya ci abinci amma ya sha ruwa, don kada dattijo ya tsaya a layi cikin zafin bazara maƙogwaro a bushe. In akwai kuɗin da za a biya, a faɗa masa nawa ne tun yana gida, ya san abin da zai nema.

Sannan akwai saƙo guda da nake ganin shi ne babban bashin da asibitoci ke ɗauke da shi, kuma shi ne aka fi mantawa a shirya. Saƙon da ke cewa likita ba zai zauna gobe ba. Ku yi tunanin matar da ta taso daga ƙauye bayan sallar asuba, ta hau babur zuwa bakin titi, ta shiga mota, ta biya wa kanta da mai rakiyarta, ta iso ta karɓi lamba ta zauna har azahar, sannan wani ya leƙo ya ce likita ya tafi taro, ko an shiga yajin aiki, ko injin hoto ya lalace, a dawo wani satin. Asibitin ya san da wannan tun jiya. Lambar wayarta tana cikin kwamfuta. Manhajar da ke iya tuna mata kada ta makara ita ce dai ke iya gaya mata kada ta taso. In asibiti yana amfani da saƙo don kare lokacin likita kaɗai, bai taɓa amfani da shi don kare kuɗin motar talaka ba, to rabin amana ya riƙe.

Mu zo kan harshe. Mafi yawan manhajojin nan da saƙonnin Turanci suke zuwa, a Nijar kuma na Faransanci, sai mai asibiti ya bar su yadda ya same su. Wanda ya yi ƙoƙari ya mayar da su Hausa kuma yakan ci karo da abin da maƙerin manhajar bai hango ba. Bahaushe ba ya yi wa namiji da mace magana iri ɗaya. Ko dai a shirya saƙo biyu, na ka zo da na ki zo, manhajar ta zaɓa gwargwadon abin da ke fayil, ko a yi amfani da ku zo, wanda ya haɗa kowa ya kuma zo da girmamawa. Ni na fi son na biyun, don dattijuwa mai jikoki ba za ta ji daɗi na'ura ta kira sunanta gatsau ba. Gurbin suna ma wani tarko ne. A ɗakin kati wani yakan fara rubuta sunan mahaifi, wani sunan mutum, sai saƙo ya fita yana gaida mace da sunan babanta ko na mijinta. Sallama, da Malam ko Malama, sun isa su buɗe saƙo da mutunci.

Akwai wata matsalar ta fasaha da ya kamata duk mai shirya saƙon Hausa ya sani. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160 ne in da haruffan Turanci zalla aka rubuta. Da zarar an sa harafi ɗaya mai lanƙwasa, irin na ɗaki ko ƙofa ko ɓera, sai tsarin ya sauya, saƙon ya koma ɗaukar harafi 70 kacal. Abin da za a biya kuɗin saƙo ɗaya sai ya zama na uku, kuma wasu tsofaffin wayoyi ba sa ma nuna harafin, sai ɗan akwati. Rubutun ajami shi ma a kan 70 yake. Don haka yawanci ake cire lanƙwasar, kuma mun saba karanta hakan a wayoyinmu. Sai dai a asibiti sai an kula, don ƙashi in ya rasa lanƙwasarsa wani gwajin daban ya koma. A zaɓi kalmar da ba ta rikiɗa, a kuma ba mutum biyu uku waɗanda ba ma'aikata ba su karanta da ƙarfi a ji me suka fahimta.

Wanda ba ya karatu fa? Wannan ba ƙaramin kaso ba ne na matan da ke zuwa awo a karkara. A arewacin Ghana, lokacin da aka fara shirin Mobile Midwife a 2010, an ba mata masu ciki zaɓi tsakanin saƙon rubutu da na murya a harshensu, kusan dukkansu murya suka zaɓa. A Indiya shirin Kilkari yana kiran uwa da saƙonnin murya 72, daga wata na huɗu na ciki har yaro ya shekara. Saƙon murya shi ma shiryayye ne, an naɗa sau ɗaya ana ta maimaitawa. Mu da muka tashi da rediyo a kunne ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan ƙarfin murya. Ungozomar da matan gari suka san muryarta, in ta naɗi rabin minti tana cewa gobe ranar awo ce, a zo da kati, ya fi shafi guda na rubutu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato sirri. Manhajojin nan an gina su ne a kan zaton cewa kowane mutum da wayarsa, shi kaɗai ke buɗe ta. A gidajenmu da yawa ba haka abin yake ba. Lambar da mace ta bayar a ɗakin kati ta maigida ce, ko ta ɗanta, ko ta maƙwabci. Wayar takan yini a shagon mai caji, saƙo ya shigo ya bayyana a fuskarta kowa na gani. Wadda ba ta karatu za ta miƙa wa yaro ya karanta mata a tsakar gida, abokiyar zama tana jin komai. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuma kamfanin waya yakan sake sayar da lambar, sai saƙon asibiti ya ci gaba da zuwa wa baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yanzu a ce saƙon ya ambaci sashen tazarar haihuwa, ko na masu taɓin hankali, ko na karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Aure yana iya mutuwa a kan wannan. Mace tana iya daina zuwa asibitin gaba ɗaya, ba don ta warke ba, sai don kada saƙo ya sake shigowa.

A nan ne nake jinjina wa wani aiki da aka yi a Kenya, mai suna WelTel, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2010. Mutum 538 ne da suka fara shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki a asibitoci uku. Rabinsu ana tura musu saƙo duk safiyar Litinin, kalma ɗaya ta Swahili, Mambo, kamar dai mu ce yaya dai. Babu sunan cuta, babu sunan magani. Kowa ya ɗauki wayar ba abin da zai gane. Mara lafiya zai amsa cikin kwana biyu, ko lafiya lau, ko akwai matsala. Wanda ya ce akwai matsala, da wanda ya yi shiru, sai ma'aikacin jinya ya kira shi. Bayan shekara, kashi 62 na masu samun saƙo suna shan maganinsu yadda ya kamata, a ɗaya rukunin kashi 50. Waɗanda ƙwayar cutar ta kwanta a jininsu kuwa, kashi 57 da kashi 48. Saƙo mafi gajarta da za a iya shiryawa ke nan, amma ku lura da abin da ke bayansa: mutum mai rai da zai ɗaga waya ya kira.

Kishiyar wannan ta faru a Landan a 2015, inda wani asibitin masu wannan cuta da ke titin Dean ya aika wa mutum kusan 780 wasiƙar labarai ta imel, aka bar adireshin kowa a fili kowa yana ganin na kowa. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci tarar hukumar asibitin fam 180,000 a shekarar da ta biyo. Mu ma a Najeriya muna da doka. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin lafiyar mutum sirri ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Amma kafin a kai ga doka, tambaya uku a ɗakin kati za su yi wa tufkar hanci. Wannan lambar ta wace ce? Wa ke karanta miki saƙo? Kin yarda a ambaci sunan asibiti, ko a ce kawai ana tuna miki da alƙawarin Talata? A rubuta amsar a fayil, manhajar ta bi. Wadda ta ce kada a turo mata komai, a ƙyale ta, kuma kada a canja mata fuska.

Sai batun amsa. Yawancin saƙonnin asibiti suna zuwa ne da suna a sama maimakon lamba, kuma irin wannan ba a iya mayar masa da amsa. Mutum ya karanta, yana so ya ce ba zan samu zuwa Talata ba, ko ɗinkin yana fitar da ruwa, babu inda zai faɗa. Dole kowane saƙo ya ƙare da lambar da ake ɗagawa, da lokutan da ake ɗagawa. In babu mai ɗagawa da dare, a faɗa, a kuma ce in jini ya ɓalle ko yaro ya fara jijjiga kada a jira waya, a taho. Afirka ta Kudu da ta ƙaddamar da MomConnect a watan Agustan 2014, mai tura wa masu ciki saƙonni a harsunan ƙasar 11, ba ta tsaya a turawa ba, ta haɗa da teburin da ma'aikatan jinya ke amsa tambayoyi da karɓar ƙorafi. Lokacin da shiryayyen saƙo ya rage wa ma'aikaciya, a nan ya kamata a zuba shi.

Ko isar saƙon ma sai an bi. A 2016 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta fito da lambar 2442 don jama'a su toshe saƙonnin talla, kuma mutane da yawa sun toshe. Asibitin da ya sayi hanyar tura saƙo mai araha, wadda 'yan talla ke bi, saƙonsa ba zai shiga waɗannan layukan ba, alhali kwamfuta tana nuna an tura. An tura daban, ya isa daban, sai an duba rahoton isarwa. Masu bi ta WhatsApp na kasuwanci kuma, ƙa'idar kamfanin Meta ita ce duk saƙon da asibiti zai fara turawa sai an miƙa samfurinsa an amince, in mara lafiya ya amsa sai a samu awa 24 ana hira kai tsaye. Yana da kyau ga mai babbar waya da data. Mai ƙaramar waya mai madannai, tes da kira ne nasa. Kuma a rage cusa adireshin intanet a cikin saƙo, don 'yan damfara sun riga sun koya wa mutane tsoron dannawa, kuma suna da gaskiya.

To wa zai rubuta? A wurare da yawa yaron da ya zo haɗa kwamfuta shi ake bar wa, ya rubuta a tsaye cikin minti biyar, a yi shekara uku ana turawa ba wanda ya sake dubawa. Wannan aikin babbar nas ne, wadda ta shekara ashirin tana yi wa mata bayani ta san inda suke rikicewa, tare da mai ba da magani, likita ya duba ya sa hannu. Duk saƙon da ya shafi yawan magani kada manhaja ta cike shi da kanta ba tare da idon ma'aikaci ba, don awon babba ba na yaro ba ne. A sa ranar da za a riƙa zama ana bitar saƙonnin, saboda farashi yana canjawa, sashe yana ƙaura, lambar waya tana mutuwa. Kafin azumi da 'yan makonni, a tura wa masu ciwon suga da hawan jini su zo a daidaita musu shan magani, maimakon a bar saƙon safe, rana, dare yana ta fita har cikin Ramadan. Kada kuma asibitin kuɗi ya mayar da lambobin majinyata hanyar tallar rangwamen gwaji. Ranar da mutum ya saba share saƙon asibiti don talla ce, ranar da na gaske ya zo shi ma sharewa zai yi.

Abu na ƙarshe da zan taɓo shi ne kashe saƙo. Manhaja ba ta san an yi rasuwa ba sai an gaya mata. Matar da ta yi ɓari za ta ci gaba da samun ranar awo. Uwar da ta binne jaririnta a wata na biyar, in ya kai wata tara a lissafin kwamfuta, saƙo zai shigo yana cewa a kawo shi allurar ƙyanda, har da sunansa. A yankinmu, inda mutuwar ƙananan yara ba baƙon abu ba ne, duk asibitin da ya kunna tunatarwa ba tare da shirin kashewa ba zai yi wa wata uwa wannan, ko ba jima ko ba daɗe. Dole a san ma'aikacin da alhakin ke wuyansa: in an yi rashi a gadon asibiti, kafin a rufe fayil a dakatar da duk saƙonnin da ke jira. In a gida aka yi, ma'aikatan lafiya na unguwa da ungozomomi su san lambar da za su sanar, a kuma ba iyali hanya mai sauƙi, kalma ɗaya ko kira ɗaya, su ce a daina. Ta'aziyya kuwa kada a shirya mata samfuri. Nas ɗin da ta san matar ita za ta kira, ko ta taka har gida in da hali.